Kwana 222 ba Twitter: yadda aka toshe shafin a Najeriya da abin da toshewar ta bari

Ranar Juma'a 4 ga Yuni 2021 Ministan Yaɗa Labarai da Al'adu, Lai Mohammed, ya sanar da cewa gwamnatin tarayya ta dakatar da ayyukan Twitter (wanda yanzu ake kira X) a Najeriya har sai abin da hali ya yi. Hujjar da ya bayar ita ce ana ta amfani da shafin wajen ayyukan da za su iya wargaza ƙasar. A shafin ma'aikatar na Twitter ɗin aka wallafa sanarwar, abin da mutane suka daɗe suna yi wa dariya. Zuwa safiyar Asabar masu layukan MTN da Airtel da Glo da 9mobile sun daina samun shafin, kuma ba a sake buɗe shi ba sai da tsakar daren da ya wayi gari 13 ga Janairu 2022. Kwana 222 ke nan.

Lamarin ya cancanci a bi shi daki-daki domin kusan komai nasa a fili aka yi: an san wanda ya ba da umarni, an san waɗanda suka aiwatar, kotu ta yi hukunci, kuma an ga sharuɗɗan da aka gindaya kafin a janye.

Tushen rigimar

Abin da ya kunna wutar shi ne saƙon da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya wallafa ranar 1 ga Yuni, a lokacin da ake ƙona ofisoshin hukumar zaɓe da na 'yan sanda a Kudu maso Gabas. Ya ce yawancin masu ta da fitinar yara ne da ba su san ɓarnar da yaƙin basasa ya yi ba, kuma su da suka kwashe wata 30 a fagen daga za su yi musu magana da yaren da suke ganewa. Jama'a da yawa suka kai ƙorafi cewa barazana ce. Washegari Twitter ya goge saƙon bisa dokarsa ta hana cin zarafi, ya kuma hana asusun wallafa komai na awa 12.

Amma duk wanda ya bi abin ya san tsamar ta girmi wannan saƙo. A Oktoban 2020, lokacin zanga-zangar #EndSARS ta adawa da cin zalin 'yan sanda, a Twitter matasa suke sanar da wurin taruwa, a nan suke neman lauya ga wanda aka kama, a nan suke tara kuɗin magani da abinci. Da hanyar karɓar gudunmawa ta banki ta tsaya wa ƙungiyar Feminist Coalition, sai ta koma karɓar Bitcoin, kuma shugaban Twitter na lokacin, Jack Dorsey, da kansa ya yi kira a taimaka. Hotuna da bidiyon harbin da aka yi wa masu zanga-zanga daren 20 ga Oktoba a Lekki, Legas, ta kafofin sada zumunta suka zagaya duniya kafin wata hukuma ta ce uffan. A Afrilun 2021 kuma kamfanin ya zaɓi Ghana ta zama mazaunin ofishinsa na Afirka, yana yabon ƙasar da 'yancin faɗin albarkacin baki. Gwamnati ta riƙe duk wannan. Lai Mohammed ya fito ya zargi kamfanin da fuska biyu: yana barin saƙonnin Nnamdi Kanu, jagoran masu fafutukar ɓallewar Biyafara, yana goge na shugaban ƙasa. Mai magana da yawun shugaban ƙasa, Garba Shehu, shi ma ya ce goge saƙon ba shi kaɗai ne dalili ba.

Wani abu kuma da ake yawan mantawa: an sha gwada taka wa kafofin sada zumunta birki ta hanyar majalisa ba a yi nasara ba. Ƙudirin Sanata Bala Ibn Na'Allah na 2015 ya mutu bayan hayaniyar jama'a. Na Sanata Mohammed Sani Musa na 2019, wanda zai ba hukuma ikon umartar kamfanoni su toshe shafi, shi ma ya maƙale. Abin da aka kasa samu da doka, shi aka yi da sanarwar minista.

Hanyar da umarnin ya bi

Ministan yaɗa labarai ba shi da wani makunni a ofishinsa. Intanet ɗin ƙasa yana hannun kamfanoni masu lasisi, kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ce ke riƙe da lasisin. Don haka umarnin ya bi ta NCC zuwa kamfanonin. Ranar 5 ga Yuni ƙungiyar kamfanonin sadarwa, ALTON, ta tabbatar cewa mambobinta sun karɓi umarni a hukumance kuma sun bi. Babu kamfanin da ya tsaya jayayya a bainar jama'a, kuma ba abin mamaki ba ne. Kamfanin da ya zuba biliyoyi a turakun sadarwa da igiyoyin ƙarƙashin ƙasa ba zai iya kwashe su ya bar ƙasa ba, kuma kowa na tune da tarar sama da naira tiriliyan 1 da NCC ta lafta wa MTN a 2015 kan layukan da ba a yi wa rajista ba, kafin daga baya a rage ta.

Toshewar ba ta sauka lokaci ɗaya ba. Ƙungiyar NetBlocks mai sa ido kan intanet ta ga shafin ya faɗi a manyan layukan waya huɗu, alhali wasu masu intanet na gida da na ofis sun ci gaba da shiga na ɗan lokaci. Dalili shi ne kowane kamfani da injiniyoyinsa da na'urorinsa, kuma kowa ya aiwatar da umarnin yadda kayan aikinsa suka ba shi dama.

Sai umarni na biyu da na uku suka biyo baya. Ministan Shari'a Abubakar Malami ya ce a gurfanar da masu saɓa wa umarnin dakatarwar. Hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta umarce su da su rufe asusunsu na Twitter, su kuma daina ɗauko labari daga can, tana cewa ci gaba da amfani da shi rashin kishin ƙasa ne. Waɗannan biyun sun fi toshewar kanta nauyi, kamar yadda za a gani.

Yadda ake toshe shafi ɗaya a bar saura

Idan mutum ya buɗe manhajar, abubuwa uku ke faruwa cikin ƙiftawar ido, kuma a kowanne ana iya tare hanya.

Da farko wayar tana tambayar adireshi. Kwamfutoci ba su san suna ba, lamba suka sani, wato adireshin IP. Tsarin da ke mayar da suna lamba shi ake kira DNS, kuma galibi na kamfanin layinka kake amfani da shi ba tare da ka sani ba. Hanya mafi arha ita ce kamfanin ya sa nasa DNS ɗin ya ce bai san twitter.com ba, ko ya ba da lambar ƙarya. Aikin mintoci ne. Amma kaucewarsa ma aikin mintoci ne: mutum ya sauya zuwa DNS na waje, kamar 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare. Shi ya sa ba kasafai ake dogaro da wannan kaɗai ba.

Na biyu, a toshe lambobin su kansu, duk abin da ya nufi kwamfutocin kamfanin a zubar da shi a hanya. Wannan ya fi ƙarfi, sai dai yana da wahalar kulawa. Twitter ba adireshi ɗaya ba ne. Rubutu daga wani wuri yake zuwa, hotuna daga pbs.twimg.com, bidiyo daga video.twimg.com, gajerun mahaɗai kuma ta t.co suke bi. Wasu daga cikin waɗannan suna zaune a kwamfutocin kamfanonin rarraba bayanai da dubban shafuka ke haya tare. Idan ka toshe lambar, ka haɗa da maƙwabtan da ba su ji ba ba su gani ba. Idan ka bar ta, toshewar ta yi ɓaraka, har mutum ya ga rubutu ba hoto, ko hoto ba rubutu.

Na uku shi ne leƙen sunan shafin a lokacin ƙulla haɗi. Duk da cewa abin da ke tafiya tsakanin waya da shafin a kulle yake, saƙon farko na gaisuwa yakan ɗauki sunan shafin da ake nema a buɗe, a wani gurbi da ake kira SNI. Na'urar tace bayanai tana karanta wannan suna, in ta ga na cikin jerin da aka hana sai ta katse haɗin. Wannan hanyar ta fi dacewa da manufa, amma tana buƙatar kayan aiki masu tsada da kuma hattara wajen rubuta ƙa'idar. A Maris 2021, da Rasha ta so rage wa Twitter gudu, an rubuta ƙa'idar ta kama duk sunan da ke ɗauke da haruffan t.co, sai ta haɗa da microsoft.com da reddit.com, domin su ma haruffan suna cikin sunansu.

Akwai ɓarnar da ba a lissafa da ita ko da an yi aikin da kyau. Shafukan jaridu da ke manna saƙonnin Twitter a cikin labari sukan yi nauyin buɗewa, domin wayar na jiran abin da ba zai zo ba. Duk mahaɗin t.co da aka tura wa mutum a WhatsApp ya mutu. Wanda ya yi rajista a wata manhaja ta hanyar asusunsa na Twitter ya rasa ƙofar shiga.

VPN: abin da ya yi da wanda bai yi ba

Duk hanyoyin nan uku VPN na tsallake su da dabara ɗaya. Yana naɗe dukkan abin da ke fita daga wayar cikin kulli ɗaya, ya aika wa wata kwamfuta a wata ƙasa, ita ce za ta buɗe ta nemo shafin. Kamfanin layin ba abin da yake gani sai cewa wayar na magana da wata lamba a waje. Kamfanin bincike na Top10VPN ya ce neman VPN a Najeriya ya haura da sama da kashi 1,400 cikin 100 a ranar da toshewar ta fara. Cikin kwanaki maudu'an Najeriya suka riƙa bayyana a jerin abubuwan da ke tashe a Amurka da wasu ƙasashen Turai, saboda shafin yana ɗaukar masu rubutun a matsayin mazauna can.

Matsalolin VPN kuwa sanannu ne ga duk wanda ya yi aiki da shi. Yana rage gudu, yana cin batir da data. Manhajar banki kan ƙi buɗewa ko ta kulle asusu idan ta ga an shigo daga wata ƙasa, don haka sai mutum ya riƙa kunnawa yana kashewa, in ya manta ya sha wahala. Na kyauta, wanda shi mafi yawan mutane suka sauke, da bayanan mai amfani da talla yake cin abinci, wasu ma manhajojin bogi ne da ke neman izinin shiga lambobin waya da hotuna. Sannan idan haɗin ya yanke, wayar kan koma hanyar da aka saba shiru, sai in an kunna saitin da ke tsayar da komai har VPN ya dawo.

Babban kuskuren fahimta shi ne ɗaukar VPN a matsayin rufin asiri. Hanyar da ka bi yake ɓoyewa. Wanda ya wallafa saƙo da sunansa da hotonsa a ranar 10 ga Yuni ya riga ya shaida wa duniya cewa ya tsallake toshewar.

A nan ne ainihin tasirin matakin ya fito. Ɗan gwagwarmaya da ya saba da fasaha bai yi kwana ɗaya a waje ba. Zanga-zangar 12 ga Yuni ta gudana a Legas da Abuja da wasu birane, har 'yan sanda suka harba hayaƙi mai sa hawaye. Fasto Enoch Adeboye ya fito ya ce cocinsa zai ci gaba da wallafawa. Waɗanda suka yi shiru su ne masu abin da za a ƙwace musu: gidajen rediyo da talabijin masu tsoron lasisi, bankuna da kamfanonin da ke amsa ƙorafin abokan hulɗa a shafin, da hukumomin gwamnati, har da hukumar NCDC da ke fitar da alƙaluman korona a can kullum. Sai kuma talaka mai ƙaramar waya da ƙaramar data, wanda bai ga dalilin wahalar da kansa ba. Masu magana sun ci gaba da magana, amma masu sauraro sun ragu, kuma jami'an da ake so su ji ƙorafin sun tashi daga wurin. Gwamnati ta buɗe asusu a manhajar Koo ta Indiya, jama'a ba su bi ta can ba, manhajar ma ta rufe a 2024.

Ina dokar take?

Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin ra'ayi da karɓa da isar da bayani. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita wannan 'yanci saboda tsaro ko zaman lafiya, amma da sharaɗin a yi shi ta hanyar doka wadda hankali zai ɗauka a tsarin dimokuraɗiyya. Sanarwar minista ba doka ba ce. Barazanar gurfanarwa ta fi rauni ma, domin sashe na 36(12) ya ce ba a hukunta mutum kan laifin da ba a rubuta shi a doka tare da hukuncinsa ba, kuma babu dokar da ta ce shiga Twitter ko amfani da VPN laifi ne. Barazanar ta yi aikinta ne a zukata tun kafin a je gaban alƙali.

Ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta SERAP da 'yan Najeriya 176 suka kai ƙara Kotun ECOWAS da ke Abuja. Ranar 22 ga Yuni 2021 kotun ta ba da umarnin wucin gadi da ya hana gwamnati kamawa ko hukunta kowa saboda amfani da shafin. Hukuncin ƙarshe ya zo ranar 14 ga Yuli 2022: dakatarwar ta saɓa wa sashe na 9 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da sashe na 19 na yarjejeniyar duniya kan haƙƙin jama'a da na siyasa, kuma kada a sake. Kotun ta lura cewa gwamnati ba ta nuna wata doka ko umarnin kotu da ta dogara da shi ba. A duba tazarar: hukuncin ya zo wata shida bayan an buɗe shafin. Toshewa dare ɗaya take ɗauka, shari'a ta ɗauki fiye da shekara.

Batun asara

An yi ta yawo da alƙaluma, kuma ya kamata a karance su da lura. Ma'aunin NetBlocks ya kiyasta asarar kimanin dala 250,000 a kowace awa, Top10VPN kuma ya sa ta kusan dala biliyan 1.45 a 2021. Waɗannan ƙiyasi ne da ake fitarwa daga girman tattalin arzikin intanet na ƙasa, ba lissafin kuɗin da ya fita daga aljihun wani ba, kuma ba sa cire waɗanda suka ci gaba da aiki da VPN. Hatta yawan masu amfani da shafin an yi saɓani: wasu kafofi sun riƙa cewa kusan miliyan 40, alhali alƙaluman talla na lokacin kusan miliyan 3 suke nunawa. Asarar da ba ta da shakka ita ce ta mai sayar da kaya da a shafin yake samun ciniki, da masu tallata hajar kamfanoni. Talla ta lalace ta wata hanyar da ba a zata ba: kamfani ya biya a nuna tallarsa ga mazauna Najeriya, su kuwa shafin yana ganin su a Turai.

Sharuɗɗan buɗewa

A ƙarshen Yuni shugaban ƙasa ya naɗa tawagar ministoci ƙarƙashin Lai Mohammed, ciki har da Malami da Ministan Sadarwa Isa Ali Pantami da Ministan Harkokin Waje Geoffrey Onyeama, su tattauna da kamfanin. A jawabin 1 ga Oktoba Buhari ya ce za a buɗe idan an cika sharuɗɗa. Ranar 12 ga Janairu 2022 shugaban hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA, Kashifu Inuwa Abdullahi, wanda ya jagoranci kwamitin ƙwararru, ya sanar da janyewar. A cewar gwamnati, Twitter ya amince ya yi rajista a matsayin kamfani a Najeriya, ya naɗa wakili a ƙasar, ya biya haraji, ya girmama dokokin ƙasa, ya kuma sa Najeriya cikin kafofinsa biyu na musamman: ɗaya da jami'an gwamnati za su riƙa kai ƙorafi kan saƙonni kai tsaye, ɗaya kuma ta jami'an tsaro masu neman bayanai.

Rajista da haraji ba abin ƙi ba ne, kowace ƙasa tana neman su. Amma wakili a cikin ƙasa yana da wata fuska da masu bin wannan harka suka sani daga Indiya da Turkiyya: da zarar kamfani yana da ma'aikaci da ofis a wuri, akwai wanda za a gayyata, akwai wanda za a tsare. Ita kuwa kafar kai ƙorafi, ba ta bin ta kotu, kuma jama'a ba sa ganin abin da ke wucewa ta cikinta. Toshewa kowa na ganin ta, ana auna ta, jakadun Amurka da Birtaniya da Kanada da Tarayyar Turai sun fitar da sanarwar haɗin gwiwa a kanta washegarin da aka sanar. Saƙo ɗaya da aka cire bisa buƙatar jami'i ba ya tayar da kowa.

Ba a wallafa yarjejeniyar ba lokacin da aka buɗe shafin. Sai da SERAP ta sake komawa kotu a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai, inda a 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta ba da umarnin a miƙa mata kwafi. Kafin nan, a Yunin 2022, NITDA ta fitar da daftarin ƙa'idojin aiki ga dukkan kafofin sada zumunta, wanda ya ɗauki sharuɗɗan da aka sa wa Twitter ya shimfiɗa su a kan kowace kafa mai sama da mutum 100,000 a Najeriya: rajista, adireshi a ƙasar, jami'in tuntuɓa, da cire abin da aka kai ƙorafi a kansa cikin ƙayyadadden lokaci. An rattaba masa hannu a shekarar. Shi kuwa Twitter, Elon Musk ya saye shi a Oktoban 2022, kuma cikin 'yan kwanaki aka sallami kusan dukkan ma'aikatan ofishin Accra, wanda buɗe shi na cikin abubuwan da suka ɓata wa Abuja rai tun farko.